Tukunyar Citta da Kantin Kemis

Daga ƙarshen Nuwamba, da zarar iskar arewa ta juyo da ƙurar da take kwasowa daga sahara, hanci ne yake fara ba da labari. Hazo ya rufe gari, leɓe ya tsattsage, a sahun sallar asuba ba abin da kake ji sai tari da jan majina. A irin wannan lokacin ne ake sabunta wata tsohuwar gardama a gidajenmu. Mutum ya tashi da kartar maƙoshi da atishawa, hanci ya toshe, kai ya yi nauyi. Tsohuwar gidan ta ce a dafa masa citta da kanumfari da masoro, a matsa lemun tsami, a zuba zuma, in dare ya yi a haɗa masa sirace. Jikarta mai karatun aikin jinya ta ce, "Haba Iya, yanzu ai kai ya waye, a kai shi asibiti mana, ko a sayo magani a kemis." Iya ta ce da wannan cittar ta raini uban mai maganar, ga shi nan da ransa har ya yi furfura. Yawanci a nan zancen yake tsayawa: a dafa cittar, a kuma sayo ƙwayar, mara lafiya ya haɗa duka ya sha, in ya warke kowa ya ce nasa ne ya yi aiki.

Kafin a raba wannan gardama, akwai abin da ya zama dole ɓangarorin biyu su amince da shi. Ƙwayoyin bairos ne ke kawo mura, kuma sun haura iri 200. Babba yakan yi ta sau 2 zuwa 3 a shekara, ƙaramin yaro sau 6 zuwa 8. Tana tsananta a kwana na biyu da na uku, ta lafa cikin kwana 7 zuwa 10, sai dai tarin yakan yi nawar tafiya, wani lokaci har mako 3. Har yau kuma ba wanda ya gano maganin da ke kashe ta. Turawan Ingila sun buɗe cibiya sukutum a garin Salisbury a 1946 don binciken mura kaɗai, suna ɗiga wa masu sa kai ƙwayar cutar a hanci suna lura da su. An shafe shekara 40 da ɗoriya ana abu ɗaya, aka rufe cibiyar ba a samu maganin ba. Saboda haka duk wanda ya ce maka yana da abin da ke warkar da mura, ko a tukunya ko a kwali, ya zarce gaskiya. Abin da ake takara a kansa shi ne wa ya fi rage wa mutum wahalar kwanakin nan, a farashin da bai kai ya kawo ba, ba tare da ya jawo masa wata sabuwar cuta ba.

Masu kare maganin gida suna fara kafa hujja da abin da ba ya buƙatar bincike. Citta da masoro da kimba da kanumfari da tafarnuwa kayan yaji ne, suna nan a madafa ko da ba mai ciwo. Ƙarfe biyun dare, hanci a toshe, barci ya gagara, ba sai an nemi mai babur ba. Zuwa asibiti kuwa akwai kuɗin mota, da yankar kati, da layin da zai cinye wunin aiki, ƙarshenta likitan kirki ya rubuta farasitamol ya ce a sha ruwan ɗumi a huta. Ga wanda asibitin da ya fi kusa da shi tafiyar kilomita da yawa ce a hanyar burji, cewa ya tafi can don majina wasa da hankalinsa ne. Layin ma da zai je ya tsawaita, akwai mai zazzaɓin cizon sauro da mai naƙuda suna jira a cikinsa.

Sai zuma, wadda ita ce babbar hujjarsu. Musulmi bai jira wani ya tabbatar masa ba, domin an ambaci warakar da ke cikinta a Suratun Nahli, kuma tun kaka da kakanni ake cewa da tsohuwar zuma ake magani. Abin sha'awa shi ne binciken zamani ya zo ya tsaya kusa da wannan matsayi a kan tari. Wasu masana daga Kalaba, a nan Najeriya, sun tattara gwaje-gwaje 6 da aka yi a kan yara 899, suka fitar da sakamakon a 2018 ƙarƙashin ƙungiyar Cochrane mai tace binciken likitanci. Abin da suka gani shi ne zuma ta fi zama haka nan ba magani wajen lafar da tarin yara, ta fi maganin bogi da ake gwaji da shi, kuma kusan kunnen doki take yi da ɗaya daga cikin sinadaran da aka fi zubawa a ruwan maganin tari na kanti. A shekarar ce kuma hukumomin lafiyar Ingila suka shawarci likitocinsu da su fara nuna wa mai sabon tari zuma kafin su yi tunanin rubuta masa antibayotik. Sauran aiki ya rage ga mai saye, don a kasuwanninmu ba duk abin da ke cikin kwalba mai kauri da ja ne ƙudan zuma ya san da zamansa ba. Dafaffen sukari ma yana shigar burtu.

Abin sha mai zafi shi ma ya samu shaida. A jami'ar Cardiff, inda aka daɗe da cibiyar nazarin mura, an gwada wa masu mura abin sha iri ɗaya, wasu da zafinsa wasu a huce. Waɗanda suka sha da zafi sun fi samun sauƙin yoyon hanci da tari da ciwon maƙogwaro da jin sanyi. Wannan ya isa ya wanke shayin citta da kunun tsamiya da farfesun da ya ji yaji. Zafin yana sa yawu da majina su tsinke, yajin yana sa hanci ya zubo, mutum ya sha ruwan da jikinsa ke nema ba tare da an yi masa dole ba. Man kaɗe da ake shafawa a bakin hanci ma an taɓa gwada shi: wani masani a Jami'ar Legas ya buga ɗan ƙaramin bincike a 1979 da ya nuna yana buɗe toshewar hanci. Gwajin ƙarami ne, ba a gina gini a kansa, amma a hunturun da fatar hanci ke tsagewa har ta yi jini, ba sai an kira farfesa ya faɗi amfanin maiƙo ba.

Har tsohon zancen nan na cewa sanyi ke kawo mura, wanda 'yan boko suka daɗe suna yi wa dariya, ya fara samun masu tsaya masa. Sanyi shi kaɗai ba ya haifar da ƙwayar cuta, wannan haka yake. Amma masana a jami'ar Yale ta Amurka sun nuna a 2015 cewa ƙwayar murar ta fi hayayyafa idan cikin hanci ya yi sanyi, saboda garkuwar wurin tana yin rauni. Uwar da ke ɗaure wa yaro kai da kunne da asubar hunturu ba shirme take yi ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wajena, duk da haka, tana cikin kantin da ake cewa a je. A mafi yawan unguwanni, "a nemi maganin Bature" ba ya nufin ganin likita. Yana nufin a tsaya gaban kanta a ce wa yaron kemis, "Malam, haɗa min na mura." Shi kuwa ya ɓallo ƙwaya biyu nan, uku can, ya ɗora kafso a kai, ya ƙulle a leda. Kafson nan antibayotik ne, aikinsa kashe bakteriya, ba ruwansa da bairos. Mai mura da ya sha shi bai rage ko awa ɗaya daga ciwonsa ba, sai dai ya koya wa ƙwayoyin cutar da ke jikinsa yadda za su jure maganin, ranar da ciwon gaske ya zo a ba shi ya ƙi ci. Wasu daga magungunan buɗe hanci suna tayar da hawan jini, kuma ba a cika tambayar mai saye ko yana da shi ba. Wani sinadarin buɗe hancin da ake sha, mai suna fenilefrin, wanda ke cikin magungunan mura da yawa, kwamitin masana na hukumar kula da magunguna ta Amurka ya yanke a 2023 cewa ba ya aikin da ake sayar da shi dominsa.

Ruwan maganin tari kuwa mu ne shaida. Kodin ya shigo gidajenmu da sunan maganin tari, ya zama abin maye ga samari da 'yan mata har da matan aure, sai da BBC ta fitar da fim ɗin bincikenta a 2018 sannan gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. A Gambiya, a 2022, yara kusan 70 ne suka mutu da ciwon ƙoda bayan shan magungunan tari da mura da aka shigo da su daga Indiya, waɗanda aka samu gurɓataccen sinadari a cikinsu. Ba a taɓa jin shayin citta ya yi irin wannan ɓarna ba.

To, a juya a ji ɗaya ɓangaren, don su ma ba da hannu wofi suka zo ba.

Farkon abin da ma'aikacin lafiya zai ce shi ne, shaidar "na sha na warke" ba ta da nauyi a kan ciwon da dama zai tafi da kansa. Mutum yakan nemi magani ne a ranar da murar ta fi tsanani, wato daidai lokacin da za ta fara sauka. Duk abin da ya sha a ranar, ko ruwan randa ne, shi zai samu yabo. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Idan aka bi kayan tukunyar ɗaya bayan ɗaya, ba duka ne ke fita kunya kamar zuma ba. Masu tace bincike sun nemi gwaje-gwajen tafarnuwa a kan mura, guda ɗaya tak suka samu da ya cika sharaɗi, mai mutum 146, shi ma a kan rigakafi ne. Bitamin C da ake matsa lemun tsami dominsa, an gwada shi a kan dubban mutane: wanda ke shan sa kullum murarsa takan ɗan gajarta, amma fara shan sa bayan ciwon ya kama bai nuna wani tasiri tabbatacce ba. Man shafawa mai mantal, irin su Robb da Mentholatum, yana sa mutum ya ji kamar hancinsa ya buɗe, amma da aka auna iskar da ke wucewa sai aka ga ba ta ƙaru ba. Mai maganin gida zai ce to ai jin sauƙin ake nema, in mutum ya samu barci ya gode Allah. Ina ganin a nan ya yi gaskiya. Sai dai ya daina cewa ya kashe cutar.

Sirace ne wurin da gardamar ta fi zafi, don shi ne abin da aka fi yarda da shi a gida, shi ne kuma ya fi ba likitoci tsoro. A tafasa ganyen darbejiya ko na zaiti, a sauke tukunya, mutum ya duƙa a kanta a lulluɓe shi da bargo har gumi ya karyo. Wanda ya fito daga ciki yakan ji kamar an sauke masa kaya. Amma da aka tattara gwaje-gwajen shaƙar tururi a 2017, ba a ga tabbacin yana rage mura ba, sauƙin na ɗan lokaci ne. Haɗarinsa kuwa a fili yake: tafasasshen ruwa, cikin duhun bargo, kusa da gwiwar mutumin da jiri ke iya ɗiba. A 2020, lokacin korona, da mutane suka rungumi sirace a ko'ina, likitocin asibitin yara na Birmingham a Ingila sun ba da rahoton cewa ƙunar da yara ke samu ta wannan hanya ta ninka har sau 30. A wajenmu akwai ƙarin wata al'adar, ta shigar da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga don mai mura ya ji ɗumi. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa barci, kuma akan kwana a haka ba a tashi ba.

Idan aka zo kan jarirai, ni kaina ina sauka daga layin masu maganin gida. Zumar da ta yi wa ɗan shekara uku amfani tana iya halaka ɗan wata uku. Takan ɗauko ƙwayayen wata bakteriya da hanjin babba ke iya murƙushewa, amma hanjin jaririn da bai cika shekara ba bai yi ƙwarin hakan ba, sai su tsiro su saki dafin da ke sa jiki ya saki, tsotso ya gagara, numfashi ya tsaya. Kyawun zumar ba ya hana wannan, ko daga amya aka ɗebo ta yanzu. Masu lasa wa sabon haihuwa zuma don neman albarka su tuna cewa abin da ya zo a sunna dabino ne. Haka ɗura man shanu ko wani mai a cikin hancin jinjiri: likitoci a yankin Asir na Saudiyya da kuma Indiya sun rubuta labarin yaran da man ya gangara musu huhu ya zama ciwo mai wuyar magani. Man shafawa mai kafur ba na yaron da bai kai shekara biyu ba ne, balle a cusa masa a hanci ko a narka a ba shi ya sha. Sai kuma kai yaro wurin wanzami a cire masa beli don tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, aikin da ke jawo zubar jini da shigar ƙwayar cuta, alhali belin bai tsare wa kowa komai ba.

Amma duk waɗannan ƙanana ne a kan babbar hujjar ma'aikatan lafiya, wato jinkiri. Cututtuka da yawa masu kisa da rigar mura suke shigowa. Ƙyanda da yoyon hanci da tari da jan ido take farawa kafin ƙuraje su fito. Mashaƙo, wadda ta ɓarke a Kano tun ƙarshen 2022, da ciwon maƙogwaro da ɗan zazzaɓi take sallama. Sanƙarau, da ya kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya a 1996, lokacinsa na bin bayan hunturu ne, kuma da zazzaɓi da ciwon kai yake fara taɓa mutum. Tarin fuka yakan ɓuya watanni a bayan sunan "sanyi ne ya kama shi". Uwa-uba nimoniya: ƙididdigar UNICEF ta nuna yara 'yan ƙasa da shekara biyar 162,000 ta kashe a Najeriya a 2018, adadin da ya fi na kowace ƙasa a duniya. Da yawan yaran nan ba rashin kulawa ce ta kashe su ba. An kula da su matuƙa, an dafa, an shafa, an turara, kwana uku, kwana huɗu, sai da numfashi ya fara sama-sama aka nemi mota.

Mai kare maganin gida yana da amsa, kuma ba ta banza ba ce: jinkirin nan ba tukunya kaɗai ke jawo shi ba. Ledar haɗin kemis ma tana jawo shi, har ta fi, don tana sa iyaye su ɗauka an riga an ba yaro "maganin asibiti". Talauci da nisan asibiti da halin da akan tarar a can su ma suna da kaso. Na yarda. Sai dai wannan bai wanke tukunyar ba, ya dai nuna cewa laifin na tarayya ne.

Ga inda na tsaya. Babba ko yaron da ya tasa, mai atishawa da toshewar hanci da kartar maƙoshi, wanda ke ci yana sha yana yawonsa, gida ya fi masa kemis nesa ba kusa ba. Ya sha shayin cittarsa da zuma, ya sha romo, ya kwanta, in jiki na ciwo ya haɗiyi farasitamol bisa ƙa'ida. Mai gyambon ciki ya sassauta yaji da lemun tsami, mai ciwon suga ya san zuma ma zaƙi ce. Akwai kuma abu mafi araha da aka fi rainawa, wato ruwan gishiri: rabin ƙaramin cokali a kofin ruwan da aka tafasa ya huce, a kurkure maƙogwaro, a shaƙa a hanci a face. Wani ƙaramin gwaji a Edinburgh a 2019 ya nuna masu yin haka murarsu ta gajarta da kusan kwana 2. Mai alwala sau biyar a rana ba sai an koya masa shaƙa ruwa da facewa ba. Jaririn da hancinsa ya toshe ma ɗigon ruwan gishirin da nonon uwa sun ishe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya kanta, a tsarin da take koyar da ma'aikatan ƙananan asibitoci, cewa ta yi yaron da ke da tari da mura kawai a lallashi maƙogwaronsa da abin gida marar cutarwa, ba ta ce a ba shi kafso ba.

Sharaɗin shi ne a san lokacin da ciwon ya tashi daga mura. Wannan ilimin ne babu shi a tukunya, babu shi a kanta, kuma bai fi a koya shi a zama ɗaya ba. A kwantar da yaro ya natsu, a ɗaga rigarsa, a duba agogon waya, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60, akwai matsala. Daga wata 2 zuwa shekara, 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. In ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ko ya ƙi kama nono, ko yana amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko barcinsa ya yi nauyin da tashinsa ke wuya, ba a jira gari ya waye. Jaririn da bai kai wata 3 ba in jikinsa ya yi zafi, asibiti kai tsaye. Babba kuma in zazzaɓi ya wuce kwana 3, ko wuya ya sanƙare, ko wuyan ya kumbura haɗiya ta gagara, ko ƙirji na suka, ko tari ya haura mako 2, ya sauke kofin shayin ya nemi gwaji.

Waɗanda ya kamata a fara koya wa wannan ƙirgen su ne kakanni da ungozomomi da surukai, don a yawancin gidaje su ke yanke hukuncin ko a fita da yaro ko a ƙara kwana, ba matashiyar uwar da ta je awo aka yi mata bayani ba. Ma'aikacin lafiyar da ya fara da zagin cittarsu ya rufe ƙofar da zai shigar da wannan darasi. Nimoniyar da aka gano da wuri, ƙwayar amoksisilin mai narkewa a ruwa, ta kwana 3 zuwa 5, takan magance ta a ƙaramin asibitin unguwa. Wadda aka kawo a makare sai da iskar oksijin da allurai, su kuwa ba kowane asibitin karkara ke da su ba.